Hancin Ɗaya Michael Jackson Ɗin

Suna linzami ne, in ji masu iya magana, amma wani lokaci yakan ja mutum zuwa gidan da ba shi ya nufa ba. Michael Jackson ɗin da ake magana a nan bai taɓa hawa dandalin waƙa ba. Bature ne ɗan jarida, haifaffen Yorkshire da ke arewacin Ingila a 1942, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 16 ya kama aiki a wata jarida a Huddersfield. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya yi suna a kansu shi ne shinshinar wiski, barasar nan ta ƙasar Sikotilan, da rubuta abin da hancinsa ya shaida masa.

Hukuncin giya a wajen Musulmi sananne ne, ba ya bukatar sharhi. Abin nazari a nan shi ne yadda mutum ɗaya ya samar wa ƙamshi kalmomi, har dubban mutane suka mayar da ɗanɗano da rubuta sharhi abin sha'awarsu.

Aikin kusan duk na hanci ne. Harshe ɗanɗano biyar kacal ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da garɗin nan irin na romo ko daddawa. Saura duk hanci ke kawo shi. Shi ya sa masu wannan harka ke zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, su ɗiga ruwa, su daɗe suna shinshina kafin su kai baki. Duk wanda ya taɓa ganin gwanar haɗa humra tana tantance turaruka ya ga rabin aikin.

Shi kuwa ƙamshin yana da asali. Da sha'ir ake yin irin wanda Jackson ya fi ƙauna, kuma doka ta wajabta ya kwanta a gangar katako aƙalla shekara 3, inda kimanin kashi 2 cikin 100 ke bin iska duk shekara. A tsibirin Islay ana busar da tsiron sha'ir da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama da ake yanka a shanya a ƙona kamar itace, don haka wiskin Laphroaig ke warin hayaƙi da maganin asibiti. Na yankin Speyside kuwa ya fi karkata ga zuma da 'ya'yan itace.

Jackson ya shigo ne a lokacin da kasuwar ta faɗi. A 1983 an rufe masana'antu da dama, ciki har da Port Ellen da Brora. Yawancin abin da suke tacewa cakuɗa shi ake yi da na wasu, ba wanda ya damu da sunan inda ya fito. A littafinsa na 1989, Malt Whisky Companion, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya siffanta launi da ƙamshi da ɗanɗano da abin da ke saura a baki, sannan ya ba kowanne maki cikin 100. Siffantawar ita ce gwanintarsa. Makin kuwa shi ne raunin aikin, domin lamba takan yi kama da awo alhali ra'ayin mutum ɗaya ce a rana ɗaya. Amma lambar kasuwa ta riƙe. Yau kwalbar tsohon Port Ellen takan kai dubban fam, kuma da yawa daga masu sayenta ba su da niyyar buɗe ta.

Akwai zargin da ke bin duk mai wannan sha'awa, cewa kalmomin zuma da hayaƙi riga ce kawai da mashayi ya saka wa shansa. Zargin bai rasa tushe ba. Barasar da ke cikin kwalbar ba ta ƙasa da kashi 40 cikin 100, hanta kuma ba ta karanta sharhi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar haɗari.

A kan Jackson zargin ya faɗo ta hanya mafi ciwo. A shekarunsa na ƙarshe maganarsa ta fara sarƙewa, tafiyarsa ta koma tangaɗi, waɗanda suka gan shi a wuraren taro suka yanke hukuncin da ya fi sauƙi: sana'a ta ci mai ita. Ashe cutar Parkinson ce, mai lalata jijiyoyin da ke sarrafa motsin jiki, ya shafe fiye da shekara 10 yana fama da ita a ɓoye. Sai da raɗe-raɗin maye suka yi yawa sannan ya bayyana ta, a watan Disamba na 2006. Watanni takwas bayan haka, ranar 30 ga Agusta 2007, zuciyarsa ta tsaya a gidansa da ke Landan, yana da shekara 65.