Daren da na tsiyaye man giya

Motata Toyota Corolla ce, irin tsofaffin nan da mutanen Abijan ke yi wa kirari da Faransa-sai-wata-rana, domin sai da suka gama cin ƙuruciyarsu a Turai kana aka loda su a jirgin ruwa aka kawo mana. Ta shigo Kwaddibuwa tun kafin dokar da ta fara aiki a 2018, wadda ta hana shigo da ƙaramar motar da ta haura shekara biyar. Na ce motata, amma gaskiya rabinta ne nawa. Ɗaya rabin na Yayana ne, wanda ya bar Maraɗi shekara goma kafin ni, yake sayar da garba a Tireshbil, wato acake da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono. Da kuɗin kifin nan ya cika mini abin da na tara, bisa sharaɗin kowace Litinin in kai masa kasonsa.

Aikina woro-woro, ɗaukar fasinja tsakanin Ajame da Tireshbil. Tafiyar ba ta da nisa. Ka bar tasha, ka ratsa Filato, ka hau ɗaya daga cikin tsofaffin gadojin nan biyu da ke kan ruwan Ebiriye, ko ta Ufuwe-Buwanyi da aka buɗe a 1957 ko ta De Gaulle ta 1967, shi ke nan ka iso. Amma duk wanda ya taɓa tuƙi a Ajame da yamma, tsakanin baka-baka da masu tura amalanke da matan da suka baza haja har bakin kwalta, ya san hannun direba ba ya barin sandar giya. Ɗaya, biyu, birki. Ɗaya, biyu, birki. Akan yi awa guda ba a ga giya ta huɗu ba.

To, ta biyun ce ta fara kuka. Da safe in na zo sa ta sai in ji ƙurrr, kamar ana gurza ƙarfe a dutse, fasinjan gaba ya juyo ya dube ni kamar ɗan koyo. Na kai ta wurin wani makaniki kusa da kasuwar kayan mota ta Ajame. Ko leƙa ƙarƙashi bai yi ba ya ce giyabos ya mutu, sai a sayo wani na hannu. Kuɗin da ya faɗa ya kai aikin wata guda, ga shi saura mako uku bikin ɗiyar Yaya, kuma ya riga ya faɗa mini da kason motar zai biya kuɗin gado da katifa.

Wani abokin tuƙi ya ce in fara canza man giya tukuna. Kunya ta kama ni, don shekara huɗu ina juye baƙin man inji a kan kari, amma ban taɓa tunanin akwatin giya ma yana da nasa man ba. Na sayi lita biyu. Sai rowa ta raɗa mini a kunne: noti ne fa kawai za a kwance, me zai sa ka biya wani?

Daren Juma'a bayan sallar isha'i na ɗaga motar da jak a ƙofar gidanmu, na shimfiɗa kwali, na shige da fitilar waya a baki. Na lalubo notin ƙasa, na kwance. Man ya zubo cikin roba, baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da na haska sai na ga wasu 'yan ƙyalƙyali masu ruwan zinariya suna yawo a ciki. Na ji daɗi, na ce aiki ya yi rabi. Na mayar da noti na ɗaure. Daga nan na koma ga notin gefe, wanda ta nan ake ɗura sabo.

Ya ƙi motsi. Na danna, na buga, na zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi. Sifanar buɗaɗɗiya ce, kuma ta ɗan yi masa yawa, sai ta zame. Na sake, ta sake zamewa. Kafin in ankara kusurwoyin notin sun cinye, kansa ya zama kamar kwabo. Ga mota babu ɗigon mai a akwatinta, ga sabon mai a hannuna babu ƙofar shigarsa. Tsohon ma da ke cikin roba ba shi da hanyar komawa. Na daɗe kwance a kan kwalin nan, sauro na cizo, ina lissafin Asabar da Lahadi, ranakun da suka fi kawo kuɗi, da abin da zan faɗa wa Yaya ranar Litinin. Har zuciya ta ce in lallaɓa da ita haka nan zuwa gareji. Allah ya taimake ni ban bi ta ba.

Da asuba, a masallaci, na faɗa wa wani dattijo ɗan Tawa da muke sahu ɗaya, wanda ya tsufa yana gyaran manyan motoci a wajen tashar jiragen ruwa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka tayar da ita?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To ba ka yi ɓarna ba, wauta kawai ka yi. Je ka sha koko, ina zuwa."

Ya zo da jikansa da wani mai walda. Aka like wani babban noti a kan nawa da ya cinye. Zafin waldar ya saki tsatsar, Baba ya sa soket mai kusurwa shida, lamba 24, ya ɗan jijjiga, sai ga shi yana juyawa kamar ba shi ne ya hana ni barci ba. Ya miƙo mini shi da filaya, yana hayaƙi, ya ce kowane yaron gareji abin da ake fara koya masa ke nan: na gefe ake fara kwancewa, sai ya buɗe a taɓa na ƙasa.

Sauran aikin ni ya sa na yi, yana zaune a benci yana ba da umarni. Ya hana ni ɗura mai motar tana karkace a kan jak ɗaya, don akwatin giya irin wannan ba shi da sandar awo kamar inji. Ramin gefen nan shi ne ma'auni, in mota na daidai, mai ya cika lokacin da ya fara dalalowa ta bakinsa. In ta karkata, ko dai ka cika fiye da kima ya riƙa tsatsa ta roba, ko ka bar shi da yunwa. Muka tura ta kan ramin wani mai wankin mota. Na sa mazurari da tiyo ta sama, ina zubawa kaɗan-kaɗan, don man giya yana da kauri, ba ya son gaggawa. Saura ɗan kaɗan a galan na biyu ya fara dalala. Ya aiki jikansa ya sayo sabon noti da sabbin washa biyu na alminiyam, ya ce tsohuwar washa ta riga ta lotse, ba ta ƙara riƙe mai.

Galan ɗin ma sai da ya sa aka karanta masa. An rubuta 75W-90, ƙarƙashi kuma GL-4. Ya gyaɗa kai. Ya ce akwai GL-5, wanda aka fi ƙara wa sinadarin farar wuta don ya jure matsi, shi ya fi dacewa da difaransha na motoci masu jan baya, kuma ba kowane akwati ke son sa ba, sai a duba abin da littafin motar ya ce. Warin ƙwan da na ji ma daga farar wutar nan yake.

Da ya karkata robar tsohon man a rana, ya nuna mini ƙyalƙyalin nan. Ya ce tsakanin giya da giya akwai zoben tagulla. Aikinsa, idan ka taka kuloci ka tura sanda, shi ne ya fara kama giyar da za ka shiga, ya daidaita gudunta da na sandar da take kai, kafin haƙora su haɗu. In mai ya tsufa ko ya ragu, zoben ke fara cinyewa, kuma garinsa ne nake gani. Ƙarar da nake ji haƙora ne ke karo tun gudunsu bai zo ɗaya ba. Ban ga guntayen ƙarfe a ciki ba, in ji shi, don haka haƙora da boris lafiyarsu lau. Amma kada in yaudari kaina, abin da zoben ya rasa, mai ba ya mayar masa.

Ya ƙi karɓar ko dala. Mai walda kawai na biya, kuma kuɗinsa ya fi abin da da zan ba yaron gareji tun farko.

Ƙarfe goma sha ɗaya na shiga layi a tasha. Ranar Litinin na kai wa Yaya kasonsa cif, na tarar da shi yana juya kifi a kasko. Ya dubi bayan hannuna da sifana ta ɗaye, ya ce, "Kai kuma da wa ka yi dambe?"

Na ce, "Da motarka, Yaya."

Ya ce, "Rabin naka ka daka, ko nawa?" Ya zuba mini acake ya ɗora kan kifi.

An yi biki, an kai gado da katifa. Giya ta biyu ta daina kuka da rana, amma da sanyin safiya, musamman cikin damina kafin mai ya ɗumama, har yanzu takan yi gardama. Baba ya koya mini in ɗan dakata a firi, kamar numfashi ɗaya, kafin in tura ta. Haka nake yi shekara biyu ke nan, har hannuna ya saba, ko motar wani na ara sai na tsinci kaina ina wannan dakatawar. Kuɗin zoben kuwa ina tara su a gwangwanin madara, sau biyu ina cika shi wata lalura tana kwashewa.