Motar Baƙo A Kan Dutsen Jos

Duk matafiyin da ya nufi Jos daga wajen Akwanga ba shi da makawa sai ya bi ta Hawan Kibo. Da ya wuce inda ruwan Assop yake gangarowa daga kan duwatsu, sai hanya ta ɗauki hawa tana lanƙwasa, ga dutse a hannu guda, ga kwazazzabo a ɗaya hannun. Direbobi sun san wurin sarai. A nan ne lagireto kan tafasa, manyan motoci kuma su riƙa ja da ƙyar suna tuƙa baƙin hayaƙi. Da wuya mutum ya wuce bai ga wata mota a gefen hanya an buɗe mata baki ba, an tokare tayarta da dutse, an zuba ɗanyen ganye a kan kwalta don a gargaɗi na baya.

Cikin motocin da wannan hawa yake jarrabawa akwai waɗansu masu labari dabam, watau waɗanda masu su suka taso da su daga wata ƙasa sa'ad da suka yi ƙaura. Mutum ya shekara goma ko ashirin a Ingila, ko Jamus, ko Amurka, ya tashi dawowa gida, ko kuwa baƙo ne aiki ya kawo shi Nijeriya, sai ya ga ba ya iya rabuwa da motarsa. Sau da yawa ita ce mafi tsada cikin abin da ya mallaka. Garin Jos kuwa ya daɗe yana karɓar irin waɗannan mutane da motocinsu, don haka duk mai son sanin yadda al'amarin kan ƙare, can ne wurin duba.

Jos tana zaune a kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga bakin teku, kuma kuza ce ta raya ta. Tun daga wajen 1904 Turawan Kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta, daga nan kamfanonin haƙar kuza suka yi ta kwararowa, suka bazu zuwa Bukur da Barikin Ladi da sauran wurare. A farkon lamarin babu hanyar mota ko ɗaya. A ka leburori suke ɗaukar kuza, su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa yake jira. Cikin 1914 ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso kan dutsen, a 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Saboda haka da yawa daga motocin Turawan kuza na wancan zamani ba da ƙafarsu suka hau dutsen ba, a kan tarago aka kawo su daga bakin teku, aka sauke a tashar Jos ko ta Bukur.

Baturen da zai zo aiki yakan shiga jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster a Libaful, ya yi kamar mako biyu a kan teku kafin ya sauka Apapa, motarsa tana cikin jirgin ko kuwa ta biyo baya a jirgin kaya. Jirgin da ya fi shahara a wannan hanya shi ne Aureol, wanda ya yi ta zirga-zirga daga 1951 har 1974. Bayan Turawan kuza akwai likitocin dabbobi na Vom, da malaman makarantu, da ma'aikatan mishan waɗanda suka mai da Jos da Miango wurin hutawarsu saboda sanyin ƙasar. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka fara ganin Land Rover, wadda ta dace da hanyoyin ƙauye marasa kwalta.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Bature ya gama wa'adinsa ya koma, amma motarsa ba kasafai takan bi shi ba, domin kuɗin mai da ita kan kusa kai darajarta. Sai ya sayar wa wanda ya gaje shi, ko ɗan kwangila, ko attajirin gari, ta yi ta sauya hannu har ta ƙare a garejin makanike ana ciro mata kaya ana rayar da 'yan'uwanta. Ta haka ne sana'ar gyaran mota ta yi saiwa a Jos tun da wuri.

Bayan samun mulkin kai a 1960 sai masu shigo da mota suka zama 'yan ƙasa. Ɗalibai da ma'aikatan da aka tura ƙaro ilmi suka fara dawowa, Jos kuwa tana bukatarsu, gama ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato a 1967, an buɗe reshen Jami'ar Ibadan a garin a 1971, wanda ya zama Jami'ar Jos a 1975. A wancan lokaci, mutum ya dawo daga Turai da takardar shaida a hannu da mota a bayansa, ya gama fita kunya. Dangi su taru, yara su kewaye motar suna leƙa fuskarsu a jikinta.

Amma doka ba ta tsaya jiran kowa ba. Ran Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, wanda shi kansa ɗan asalin ƙasar Pankshin ne a kan wannan dutse, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Dalili kuwa a fili yake: Nijar da Dahomey da Chadi da Kamaru, maƙwabtan da suka kewaye ta, duk ta dama suke tuƙi. Saliyo ta riga ta sauya a 1971, Gana kuma ta biyo baya a 1974. Wanda ya sayo motarsa a London da sitiyari a dama sai ya wayi gari yana zaune a gefen daji, abokin tafiyarsa ne a tsakiyar hanya. Mai karatu ya kwatanta irin wannan direba a Hawan Kibo, yana bayan tirela yana son wucewa: ba zai ga abin da ke tahowa ba sai ya fitar da kusan dukkan motar cikin hannun masu gangarowa. Fitilunta ma an saita su ne don hanyar Ingila, da dare sai su haske idon mai zuwa. Daga baya aka hana shigo da motoci masu sitiyari a dama. Masu wayo suka koma ba makanikai suna juya sitiyarin zuwa hagu, aikin da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kansa, domin in ba a yi shi da kyau ba, sitiyari ko birki na iya yaudarar mutum a inda ya fi bukatarsu.

Ba a gama da wannan ba sai ga cunkoson tashar Ikko na 1975, lokacin da ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti suka yi cirko-cirko a bakin teku, waɗansu wata da watanni ba su sami wurin sauke kaya ba. Wanda motarsa ta faɗa cikin wannan layi ya kama aiki a Jos yana tafiya a ƙasa, yana ta aika waya Ikko. In ta fito kuma, sau da yawa sai a tarar ɓarayin tasha sun riga sun yi mata aski, babu rediyo, babu madubi, babu safaya. Sai a 1977 aka buɗe sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, aka sami sauƙi.

A cikin 1975 ɗin ne kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci. Fijo 504 ta zama motar gwamnati, ta zama motar haya, ta zama motar magidanta. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna jure rami, kayan gyaranta kuwa ko a ƙaramin gari ana samu. Nan ne masu dawowa daga waje suka fara gane wani abu. Wanda ya zo da wata irin mota da ba kowa ke da ita ba yakan burge jama'a wata shida, sa'an nan wani ɗan ƙaramin ƙarfe ya lalace, a ɗora ta a kan bulo a bayan gida ana jiran saƙo daga Turai, kaji su mai da ƙarƙashinta wurin kwana.

Akwai kuma waɗanda ba su bi ta teku ba sam. A shekarun 1970 da 1980 Turawa da yawa, cikinsu har da malamai da matasa masu yawon buɗe ido, sukan tuƙo mota tun daga Faransa ko Jamus, su ƙetare zuwa Aljeriya, su ratsa hamada ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit da Agadas, su faɗo Damagaram, su shigo Kano. Daga Kano da dama sukan hau Jos su huta a cikin sanyi kafin su nufi Kamaru. Irin waɗannan suna riƙe da wata takarda ta ƙasa da ƙasa wadda ke ba mota izinin wucewa ba tare da biyan kuɗin fito ba, bisa sharaɗin za a fita da ita. Wanda ya sayar da tasa a hanya, wajibi ne a biya wa motar fito, in ba haka ba mai saye ya sayi rigima. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, tawaye kuma ya tashi a arewacin Nijar.

Shekarar 1985 farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya, sauran kamfanonin da suka rage a kan dutsen suka durƙushe. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe. Yarbawa suka kira su Tokumbo, sunan da suke ba yaron da aka haifa a ƙetaren teku, a Arewa kuwa aka ce Beljiyam, saboda tashar Antwerp inda ake loda su, ko kuwa 'yan Kwatano, saboda tashar da ake sauke su. Da abin ya zama ciniki, sai hukuma ta daina bambanta mai ƙaura da ɗan kasuwa a kan batun mota. An yi ta sauya iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, har a 2022 aka tsai da shekara 12 daga shekarar ƙira. Daga ran 1 ga Janairu, 2017, gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. A 2022 kuma kwastan suka fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar jikinta a kwamfuta. Mai dawowa gida yana iya samun rangwame a kan tsofaffin kayan ɗakinsa, amma motarsa sai ya biya mata fito kamar kowa, in ba jami'in jakadanci ba ne.

Don haka lissafin yana da tsawo. Akwai kuɗin jirgi da na inshora, akwai fito, akwai kuɗin tasha wanda ke ƙaruwa kowace rana motar ta ƙara kwana, akwai ladan ejan mai fitar da kaya. Fiton kuwa da farashin dala ake auna shi. Bayan wannan ga tafiyar kilomita dubu ko fiye daga Ikko zuwa Jos, da shingayen bincike a hanya. Takardar fito ita ce ran motar, gama ko bayan shekaru kwastan na iya tare ta, in takardar ta jabu ce su kama, ko da mai ita bai san an cuce shi ba.

In ta tsallake duk wannan, saura jarrabawar dutsen kansa. Iskar Jos ba ta kai ta bakin teku kauri ba, saboda haka injin da ba shi da na'urar cusa iska yakan rasa kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Motar da ta sha gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara takan zo da tsatsa a ƙarƙashi, ruwan daminar Jos kuwa ya ƙarasa aikin. Wadda cikinta ke kusa da ƙasa takan bar salansa a hanyar Bokkos ko ta Mangu. Abu guda ne motar Turai ta fi dacewa da Jos a kansa fiye da sauran garuruwa, watau na'urar ɗumama ciki, wadda ba ta da amfani a Ikko ko Sakkwato, amma da asubahin watan Disamba a Rayfield mai ita yakan gode wa Allah.

Hukuncin ƙarshe yana hannun masu sayar da kayan mota na Dilimi da makanikan Farin Gada. Su ne za su ɗaga baki su duba, su ce ana samun kayanta ko ba a samu. Motocin yanzu cike suke da kwamfuta, wata ko fitila ce ta kama a gaban direba sai an nemo mai na'urar bincike. Saboda haka masu hankali cikin mazauna waje sukan tambayi makaniken gida tun kafin su je wurin mai jirgi: wace iri ce ta yi yawa a gari, a ina sitiyarinta yake, shekarunta nawa. In amsar ba ta yi daɗi ba, su sayar da ita can, su riƙo kuɗinsu.

A harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, an ajiye kawunan ƙaramin jirgin nan na Zariya da aka daina aiki da shi a 1957. Su ma daga Ingila aka kawo su, suka yi shekara da shekaru suna hawa da sauka, domin an auna hanyar kafin a sayo su, an kuma tanadi masu gyaransu. 'Yan makaranta sukan zo su hau su ɗauki hoto. Motocin da aka kawo ba tare da irin wannan tanadi ba kuwa suna nan warwatse a bayan gidajen Tudun Wada da Anglo Jos, ciyawa ta fito ta tagoginsu.