Feshi Yana Da Lokacinsa

Mu Hausawan Garwa an fi saninmu da kasuwa, amma da wuya ka sami gidan da ba shi da 'yar gona, ko a bayan gari ko a fadamar Binuwai. Ni ma ina da tawa ta masara, ga kuma 'yar ciyawa da nake lallaɓawa a ƙofar gida. Abin da na lura da shi shi ne, masu kukan ƙwari da yawa suna da magani a hannu, lokacin fesawa ne yake wuce su.

Dubi manoman auduga. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, hedkwatarsa kuma tana nan Garwa, ya daɗe yana koya musu su fara feshi wajen kwana 45 bayan tsirowa, su maimaita duk mako biyu. Dalili kuwa, tsutsa in ta riga ta shige cikin ƙwallon auduga, magani ba ya kai mata.

Haka lamarin yake ga tsutsar masarar nan 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016, ba da jimawa ba ta iso mu. Uwarta da dare take yawo, tana zuba ƙwai ɗari ko fiye wuri guda a jikin ganye. Cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe. Suna ƙanana kankare ganyen suke yi, ya bar tabo fari-fari. To, lokacin feshi ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka bari ta yi ƙiba, ta nutse cikin zuciyar masara, ta rufe kanta da kashinta mai kama da dusar katako, kuɗinka kawai za ka zubar.

Wani maƙwabcina bara ya makara, sai ya ninka maganin don huce haushi. Ganye ya ƙone, tsutsa na nan daram.

Sa'a ma abin lura ce. Da tsakar rana tsutsa ɓuya take yi, ga zafin Garwa. Ni da sassafe nake fesawa ko bayan la'asar, in babu iska, babu hadari, ina nufar zuciyar shukar.

Wannan tsutsa har ciyawar ado tana ci. In na ga wuri ya fara bushewa, nakan zuba masa ruwan sabulu. In tana nan, za ta fito fili. Sai na fesa da yamma, in hana ban ruwa kwana guda, in tsare yara da awaki.

'Yan'uwa, a riƙa zaga gona sau biyu a mako, ana duba ganye. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.