Wata Uku Na Haƙuri: Abin Da Ƙurajen Fuskar Autarmu Suka Koya Mana



Muna son mu ba ku labarin wani al'amari da ya faru a gidanmu a Maraɗi, wanda da farko muka ɗauke shi abin dariya, har sai da ya kusa raba ƙanwarmu da makaranta. Wannan al'amari kuwa shi ne ƙurajen fuska, waɗanda ake kira ƙurajen balaga. Mun nemi izininta kafin mu rubuta, ta kuma yarda bisa sharaɗin kada mu ambaci sunanta.

Autarmu tana da shekara 16, tana karatu a lise, sa'ad da ƙuraje suka feso mata a goshi da kumatu da haɓa. Mu yayyenta maza ba mu ga komai a ciki ba sai abin tsokana. In ta kawo mana abinci zaure sai mu ce: “Malam, a yi wa auta aure, ga alama ta bayyana.” Inna kuma takan ce kowa ya yi su, za su wuce. Ba mu lura ba cewa yarinyar ta daina zama a tabarma tare da jama'a, ta riƙa jawo hijabi har kan gira, ta kife madubin ɗakinsu. Ran nan ta ce kanta yana ciwo, ba za ta je makaranta ba, haka ta yi kwana uku a ɗaka, mu kuwa muna ta saya mata maganin ciwon kai.

Gwaggonmu ce ta fara gane abin da ke damunta, kuma da kyakkyawar niyya ta sayo mata wani ɗan bututun man shafawa a wajen masu tallar magani a kasuwa. Cikin mako guda fuskar ta lafa, jan ya tafi, har ta ƙara haske. Kowa ya yaba, mu ma muka yaba. Amma bayan kamar wata biyu sai ƙurajen suka dawo fiye da na da, ƙanana masu kama da juna, birjik har wuya. Fatar ta yi laushin da bai dace ba, kuma duk ranar da ba ta shafa man ba sai fuskar ta ɗauki zafi kamar an watsa mata barkono. Garin neman gira muka tashi rasa ido.

A nan ne mahaifinmu ya ce a bar shawarar tsakar gida, a kai ta wajen likita. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasarmu, sai da muka yi jira kafin mu sami ganin ɗaya. Da ta karɓi bututun ta karanta, sai ta gaya mana cewa a cikinsa akwai kwartikoyid mai ƙarfi, wanda ake rubutawa clobétasol, maganin da aka yi domin wasu cututtukan fata masu tsanani, na ɗan gajeren lokaci, kuma a ƙarƙashin kulawar likita. Yana kwantar da kumburi nan da nan, shi ya sa yake ruɗar mutane, amma in aka daɗe ana shafa shi a fuska sai ya sirantar da fata, ya haifar da nasa ƙurajen. Ta tsara mata yadda za ta rabu da shi sannu a hankali, ta ce mu dawo in fatar ta huce.

Da muka koma sai ta zana mana hoto a takarda, ta bayyana mana yadda ƙurji yake samuwa. Kowace ƙofar gashi da ke fuska tana da ƴar jakar da ke fitar da maiƙo. Idan yaro ko yarinya suka balaga, sinadaran balaga sukan sa wannan maiƙo ya ƙaru. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kakkaɓe su fita sai su manne da juna, su haɗu da maiƙon, su toshe ƙofar. A cikin wannan toshiya ne wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, mai suna Cutibacterium acnes, take samun wurin yaɗuwa, sai wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya. Ta ce ƙurjin da muke gani yau ya fara ginuwa tun makonni da suka wuce, ido bai gan shi ba. Saboda haka ba ƙazanta ce ke kawo su ba, kuma dirza fuska da soso, ko shafa lemun tsami da toka da man goge baki, ƙara wa wuta itace ne kawai.

Maganin da ta rubuta mata yana cikin dangin da ake kira retinoyid, wato magungunan da ke aiki a fata irin aikin bitamin A. Aikinsu shi ne su daidaita yadda fata ke saɓawa a cikin ƙofar gashi, domin kada toshiyar ta samu tun daga tushe, su kuma rage kumburi. Na farkonsu shi ne tiretinoyin, wanda a kwali ake rubutawa trétinoïne. Likitoci biyu, Albert Kligman da James Fulton, na Jami'ar Fensilbaniya a Amurka, su ne suka tabbatar da amfaninsa ga ƙurajen fuska a shekarun 1960, aka kuma ba da izinin sayar da shi a can a 1971 da sunan Retin-A. Tarihin nan yana da tabo, domin Kligman ya shafe shekaru, daga 1951 zuwa 1974, yana gwaje-gwajen magunguna a fatar fursunonin kurkukun Holmesburg, mafi yawansu baƙar fata, har hukumar birnin Filadelfiya ta nemi gafara a kan haka a 2022. Daga baya aka samo adafalin, wato adapalène, wanda kamfanin Galderma ya ƙirƙiro a Faransa, aka amince da shi a Amurka a 1996 da sunan Differin. Shi ya fi sauƙi ga fata, hasken rana ma ba ya saurin lalata shi kamar na farkon. Shi ne aka ba autarmu, wanda a kwalinsa aka rubuta 0,1%.

Likitar ta jero mata ƙa'idoji, ta sa ta maimaita su a gabanmu. A shafa da dare kawai. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, a bari ta bushe sarai, kamar minti 20. A matso kwatankwacin ƙwayar wake guda, a baza ta ko'ina a wurin da ƙuraje ke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya ɗaya ba, a kauce wa gefen ido da leɓe da lungun hanci. A fara da dare biyu ko uku a mako, sai fata ta saba a ƙara. A riƙa shafa mai marar nauyi domin hana bushewa, a guji zama cikin rana, a yi amfani da man kare fata daga rana in da hali. Kada a matsa ƙurji, domin a fata irin tamu kowane ƙurji da aka matsa yakan bar baƙin tabo da ya fi shi daɗewa. Daga ƙarshe ta dube ta ta ce: “Ƴata, wannan magani ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 8 zuwa 12, kuma a makonnin farko fuskarki za ta iya yin kamar ta ƙara lalacewa. Kada ki yanke masa hukunci kafin wata uku.”

Mun ji wannan magana da kunne, amma ba mu san nauyinta ba sai a mako na uku. Lokacin hunturu ne, iska tana busar da leɓen kowa. Fuskar auta ta yi ja, tana saɓa a gefen baki, ga sababbin ƙuraje sun fito. Wani dare bayan sallar isha'i muka same ta a bakin rijiya tana kuka, bututun yana hannunta.

Ta ce: “Yaya, wannan ƙona ni yake yi. Na Gwaggo ko ba komai ya yi mini kyau na wata guda. Ka bar ni in koma masa.”

Muka zauna muka tambaye ta yadda take shafawa. Ashe saboda ɗokin ta warke da wuri, kullum take shafa shi, da yawa, kuma da zarar ta gama alwala, fuskar tana jiƙe. Bugu da ƙari, duk alwalar da za ta yi sai ta sa sabulu, wato sau biyar a yini. Ta ɗauka yawan magani shi ne saurin waraka, alhali a wannan magani yawansa ba ya ƙara komai sai raɗaɗi. Muka kira likitar, ta ce ta huta na wasu kwanaki tana shafa mai kawai, sannan ta koma dare biyu a mako. Sabulu kuma safe da dare ya isa, sauran alwala ruwa zalla, ta dafa fuska da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba.

Akwai wani waswasi da ta ɓoye, sai a wannan dare ta faɗa: tana tsoron kada man ya hana ruwan alwala isa ga fata. Muka kai tambayar ga Malam, ya ce man da fata ke shanyewa, wanda ba ya barin wani ɓawo a kanta, ba ya hana ruwa. Da haka aka tsayar da lokaci: bayan ta idar da isha'i da shafa'i da wuturi, fuska ta bushe, sai ta shafa ta kwanta, da asuba ta wanke.

Daga ranar muka ɗauki abin a matsayin aikin gida gaba ɗaya. Muka rataye kalanda a ɗakin Inna, auta tana yin alama a kowane daren da ta shafa. Kowane mako biyu babbar yayarmu takan ɗauki hoton fuskarta da salula, a wuri guda, da hasken safiya, domin wanda ke duba madubi kullum ba ya ganin canji. Inna ta daina lafta mata man kitso mai kauri a gaban goshi, tana kuma wanke mata hular da ke ƙarƙashin hijabi a kai a kai saboda zufa. Mu kuma maza aka kafa mana doka guda: babu wanda zai sake ambaton fuskarta da wasa.

A mako na shida raɗaɗin ya tafi. A mako na goma, da aka jera hotuna, ita da kanta ta ga cewa sababbin ƙuraje sun ragu ƙwarai. Baƙaƙen tabo su ne suka fi jinkiri, sun haura wata shida kafin su dushe, wasu ƙananan ramuka biyu kuma a kumatu suna nan har yau, daga ƙurajen da ta matsa tun farko. Likitar ta ce ta ci gaba da shafawa ko da fuskar ta yi kyau, domin maganin yana tsare ƙofa ne, in aka janye shi da wuri ƙuraje sukan dawo. Ta koma makaranta da fuskarta a buɗe, ta kuma ci jarrabawar bak.

Saura magana guda, wadda ita ce mafi nauyi, kuma saboda ita muka fi son iyaye mata su karanta wannan rubutu. Ba a amfani da retinoyid ga mai juna biyu, ko wadda ke neman samun ciki. Abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai, amma danginsa na haɗiya, wato isotrétinoïne, an tabbatar yana nakasa jariri a ciki nakasa mai tsanani. Domin haka a 2018 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta yanke cewa na shafawar ma a nisance shi a lokacin ciki da lokacin neman ciki. Da aka sa ranar auren auta, mun tuna da wannan gargaɗi, amma kunya ta hana mu faɗa mata da bakinmu, sai muka aika babbar yayarmu. Ta mayar da ita wajen likita, aka dakatar da maganin, aka canza mata wani da ya dace da matar aure. A nan ne kuma muka ji cewa halawa da dilka, waɗanda ake yi wa amare wajen gyaran jiki, suna iya ɗaye fatar da ake shafa wa retinoyid, saboda haka dole mai gyaran ta sani, kuma a daina shafawa tun kafin lokacin. Mun san yadda bututu guda yake yawo a gidajenmu, daga ƙanwa zuwa ya, daga amarya zuwa uwargida. Wannan magani ba na aro ba ne, wanda aka rubuta wa shi kaɗai zai shafa.

Ranar da za a kai ta ɗakinta, mun same ta mu kaɗai muka roƙe ta gafara a kan tsokanar da muka yi mata a zaure. Ta yi murmushi ta ce: “Yaya, ai ƙurajen ba su kai maganarku ciwo ba, amma na yafe.” Har yanzu wannan magana tana mana nauyi a zuciya.

Saboda haka, ya ku iyaye da yayye, idan kuka ga yaronku ko ƴarku sun fara ɓoye fuska, ku tambaye su da tausasawa, ku kai su wajen likita tun kafin tabo ya zauna, ku nisanta su da man kasuwa mai gyara fuska cikin mako guda. In an rubuta musu retinoyid, ku ƙirga makonnin tare da su, musamman na uku da na huɗu, lokacin da zuciya ke raya musu su jefar da bututun. Yaro ɗan shekara 16 ba shi da haƙurin wata uku shi kaɗai, sai gida ya ara masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu zama masu tausaya wa na ƙasa da mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.