Keken Dutse a kan Kwalta

Da yawa daga cikin kekunan gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, su iso mana nan Tamale, na hawan dutse ne. Tsauni da taɓo maƙeransu suka nufa, shi ya sa tayoyinsu ke da kauri da haƙora irin na bayan kada. Mu kuwa garinmu shimfiɗe yake, wasu manyan titunansa har da layin keke a gefe. A kan kwalta haƙoran nan ba su da abin kamawa, sai su riƙa lanƙwashewa suna gurnani, suna shanye ƙarfin da mutum ya zuba a feda.

Ni da nake yawo da takardun mai unguwa, daga gidan suna zuwa gidan rasuwa, ga shekara hamsin ta wuce, gwiwata ce ke biyan wannan haraji. Da na sa tayoyi masu sulɓi, sai gurnanin ya ɗauke, keken ya koma tafiya kamar an sauke masa buhu.

Wanda zai yi haka, kada ya tsaya ga faɗar mai shago cewa inci 26 ce. Akwai 26 fiye da ɗaya. Ya duba lambar da ke jikin tsohuwar tayarsa: ta yawancin kekunan dutsen nan 559 ce, ita kaɗai za ta zauna a wilinsu. Wadda aka rubuta wa 26 x 1 3/8 lambarta 590, ko mai faci ya yi rantsuwa ba za ta zauna ba. Wajen faɗi, sauka daga 2.1 zuwa 1.5 ya wadatar. Abin da ya fi haka siranta, a ganina, neman rigima ne da ramukan hanya. A sauya tiyub ɗin ma da daidai ita, don babba yana naɗewa a ciki ya tsage, kuma a ƙara iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikin tayar.

Samari kan ce mai sulɓi za ta kayar da mutum idan an yi ruwa. A kan kwalta roba ce ke riƙe hanya, ba haƙori ba. Inda take cin amana shi ne rairayi da jar ƙasa jiƙaƙƙiya, irin ta lungunan zango da hanyoyin ƙauye. Saboda haka tsofaffin tayoyina suna rataye a zaure, nesa da rana. Idan damina ta kankama wajen watan Agusta, nakan mayar da ta gaba.