Abin Da Na Gani A Bayan Yayata

Shekara 6 ke nan Yayata tana fama da cutar da likitoci ke kira MS, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta ci rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ba a cika samun ta a wajenmu ba, shi ya sa muka daɗe muna maganin sammu kafin hoton MRI ya nuna ta. Bara ƙafafunta suka daina ɗaukar ta, na dawo da ita gidana da izinin maigida.

Ni da nake karantar da matan aure haƙƙin majinyaci a Islamiyya, kunya ta hana ni duba jikinta sosai. In na ce, "Yaya, ba inda ke ciwo?" sai ta ce babu. Gaskiya ta faɗa, domin cutar ta dakushe mata ji daga ƙugu zuwa ƙasa.

Wata Juma'a ina canza mata zane na ga tabo a ƙasan gadon bayanta, ya fi sauran fatar duhu, ga tauri ga ɗumi. Na gasa da ruwan zafi, na murza da mai. Kwana 4 ya fashe.

Nas ɗin da ta wanke shi ba ta ɓoye mini ba: "Malama, gashin nan da murzar su suka ƙarasa shi." Gyambon kwanciya ne. Ƙashi ke danne fata a kan katifa, jini ya kasa kaiwa wurin, nama ya mutu. A farar fata ja yake fara yi, a tamu kuwa duhu ne kawai, sai uwargida ta sa ido da hannu.

Yanzu duk awa 2 muna juya ta, har da dare. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin sha-raɓa don kada dunduniya ta taɓa katifa. Da ta jiƙe da fitsari a canza, ba a jira gari ya waye. Ƙwai da wake da kifi ba sa yankewa, don nama ba ya cikowa da koko kaɗai. Wari, mugunya ko zazzaɓi kuwa, asibiti ne nan take.

Wata 3 aka yi kafin ya rufe. Kullum bayan asuba nakan haska tocila in duba ƙugu, kwatangwalo da dunduniya. Har yau Yaya takan rufe fuska da mayafi in zan ɗaga zanen, ni kuma in ce ta yi haƙuri, in ɗaga.