Ranar Asabar a Riyad: Wane Doki Za Mu Liƙa a Bango?

Duk wanda ya wuce ta gaban ɗakin karatu jiya Alhamis da yamma ya ji hayaniya, to mu ne, kuma muna neman afuwa. Wannan karon ba a kan ƙwallo muke musu ba. A kan dawaki biyu ne waɗanda babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ganinsu ido da ido, ɗaya daga Japan, ɗaya daga Hong Kong. Gobe Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025, za su kara a filin sukuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, a gasar da ake kira Saudi Cup.

An fara wannan gasa a shekarar 2020, kuma babu wani tseren dawaki a duniya da ya kai ta kuɗi. Dala miliyan 20 ake rabawa, mai dokin da ya zo na ɗaya ya kwashe miliyan 10. Nisan gudun mita 1,800 ne, kuma ba ya kai minti biyu. Ɗan ajin kimiyyar da ke cikinmu ya ɗauki biro ya buga, ya ce dokin da ya ci yana samar wa ubangidansa kusan dala dubu 90 a kowace daƙiƙa. Muka ce ya sake lissafin. Ya sake, haka ya fito.

Yadda muka tsinci kanmu a wannan magana shi ne, kakan ɗaya daga cikinmu tsohon mahayi ne. Ya yi sukuwa da ƙuruciyarsa, kuma har yanzu yana da dawaki biyu a turke a bayan gidansa. Wata rana jikan nasa ya nuna masa tseren Kentucky Derby na bara a waya, wanda dawaki uku suka iso layi kusan a tare, sai da aka duba hoto kafin a san wanda ya ci. Baba ya kalla sau uku, sannan ya ɗora yatsa a kan wanda ya zo na uku ya ce, "Wannan ba a fi shi gudu ba, matse shi aka yi." Dokin nan shi ne Forever Young. Abokinmu ya kawo mana labarin, muka bi diddigi, sai muka tarar dokin zai fito a Riyad.

Da muka kai wa Malam mai kula da ƙungiyarmu shawarar rubutun, da farko ƙi ya yi. Ya ce tseren dawaki da caca 'yan ɗaki ɗaya ne. Ba mu musa ba, don a Ingila da Amurka da Hong Kong haka abin yake, kuma mun san a makarantar nan akwai waɗanda kuɗin tararsu ke ƙarewa a caca ta waya, ba sai mun kama suna ba. Muka ce masa a Saudiyya doka ta hana caca, ba a yin ta a filin Riyad, mu kuma dokin ne ya dame mu. Ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada kalma ɗaya ta fito da za ta sa wani ya zuba kuɗinsa. Na biyu shi ne ya hana mu barci: dole mu zaɓi doki ɗaya, mu sa hannu, kuma takardar ta zauna a bangon nan mako guda bayan tseren, mun dace ko mun kunyata. Ya tuna mana da sharhin da muka yi a zangon da ya wuce kan wasan ƙarshe na gasar ajujuwa, inda muka cika shafi biyu muka ƙare da cewa kowanne ɓangare na iya yin nasara. Ya ce wannan ba sharhi ba ne, tsoro ne. Maganar ta yi mana zafi don gaskiya ce.

Kafin mu shiga musun, ga ɗan bayani ga wanda bai sani ba. Dawakin da ke irin wannan tsere jinsi ɗaya ne, wanda Turawa ke kira Thoroughbred. A Ingila aka samar da shi, kuma ta wajen uba dukansu suna komawa ga ingarmu uku da aka kai can daga ƙasashen gabas sama da shekara 250 da suka wuce: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian. Tun 1791 ake rubuta asalinsu a littafi, uwa da uba da kakanni, yadda ko wasunmu ba za su iya lissafo nasu ba. Dogaye ne, masu siraran ƙafafu da faɗin ƙirji, ba don hawan sallah aka yi su ba. Baba ya ce idan ka ɗora wa irin wannan lifidi da jalala ka shiga da shi cikin kalangu da harbin bindiga, to ka shirya tashi daga ƙasa.

Mu fara da babba. Romantic Warrior shekararsa bakwai, an haife shi a Ailan, yana zaune a Hong Kong a hannun mai horarwa Danny Shum. Ya ci manyan gasanni na matakin ƙoli guda goma. Ya ɗauki Hong Kong Cup sau uku a jere, 2022 da 2023 da 2024. Ya je Ostareliya ya ci Cox Plate a 2023, ya je Tokyo ya ci Yasuda Kinen a 2024 a gaban Japanawa, sannan a watan jiya ya ci Jebel Hatta a Dubai, a wannan nisa dai na mita 1,800. Babu dokin da ya taɓa tara kuɗin tsere kamarsa a tarihi. Mahayinsa James McDonald, ɗan New Zealand, shi aka ba kambun gwarzon mahayan duniya a 2024. Abin da ya sa har yanzu yake gudu a wannan shekaru shi ne an yi masa fiɗiya tun yana ƙarami, don haka babu batun ajiye shi ya yi barbara kamar yadda ake yi wa zakarun dawaki da wuri. Da Baba ya ji haka sai ya yi salati ya girgiza kai, ya ce an yi asarar iri.

Idan aka tsaya nan, ai musu ya ƙare. To amma akwai abu ɗaya: duk waɗannan nasarori a kan ciyawa ya same su. Filin Saudi Cup na ƙasa ne, kuma Romantic Warrior bai taɓa shiga tsere a kan ƙasa ba ko sau ɗaya. An yi masa atisaye a kanta, amma atisaye daban, ranar tsere daban.

Mu da farko mun ɗauka wannan ƙaramin abu ne, gudu ai gudu ne. Ranar Lahadi muka je gaida Baba mu shida, muka zauna a tabarma kusa da barga yana gauraya dusa da kanwa, muka tambaye shi. Ya ce, "Yarana, kun taɓa bin bayan mota a hanyar ƙauye da rani?" Muka ce mun taɓa. Ya ce to haka doki yake ji in yana bayan 'yan'uwansa a filin ƙasa. Kofatan na gaba suna watso masa turɓaya da tsakuwa a ido da hanci. Wanda ya saba zai sunkuyar da kai ya ci gaba. Wanda bai saba ba zai ɗaga kai, ya yi gardama da linzami, kuma kafin mahayi ya lallashe shi an bar shi. Ya ƙara da cewa ciyawa tana riƙe ƙafa ta mayar wa doki ƙarfinsa, ita kuwa ƙasa zamewa take yi a ƙarƙashin kofato, sai doki ya yi aiki fiye da yadda ya saba kafin ya ci nisa ɗaya. Shi ya sa a kan ciyawa akan tafi a hankali a ajiye ƙarfi don ƙarshe, a kan ƙasa kuwa tun daga fari ake buɗe wuta, mai sauran numfashi ya kai.

Nan ne magoya bayan Forever Young suka samu baki. Shi shekararsa huɗu, a kan ƙasa ya tashi, bai san wani fili ba sai ita. Ya fita sau tara, ya ci bakwai. Biyun da ya rasa su ne manyan tseren Amurka, Kentucky Derby da Breeders' Cup Classic, kuma a dukansu na uku ya zo. Mafi muhimmanci, ya san filin Riyad ɗin kansa, don a nan ya ci Saudi Derby bara, inda ya kamo dokin da ke gabansa dab da layi, kafin ya wuce Dubai ya ci UAE Derby. A ƙarshen Disamba ya ci Tokyo Daishoten a gida. Mai horar da shi, Yoshito Yahagi, mutumin nan mai huluna kala-kala, ya riga ya ɗauki Saudi Cup a 2023 da wani doki mai suna Panthalassa. Mahayin kuwa, Ryusei Sakai, yaronsa ne da ya taso a bargarsa, kuma shi ke hawan dokin tun fitowarsa ta farko.

Sai sakatariyarmu, wadda tun farko take bayan tsohon dokin, ta juya mana hujjar a ka. Ta ce shi Panthalassa ɗin da kuke taƙama da shi, a kan ciyawa ya yi suna kafin ya zo Riyad. Haka Mishriff da ya ci a 2021, dokin ciyawa ne da aka horar a Ingila, wanda ya ci babbar gasar Faransa a 2020. Wato a cikin gasa biyar da aka yi, sau biyu dokin ciyawa ne ya ɗauka. Ta ce wannan na nuna ƙasar Riyad ba ta wahalar da su kamar ta Amurka. Ta ƙara da cewa kwana ɗaya tak ake sha a wannan tsere, saura duk miƙaƙƙiyar hanya ce, abin da zai ba doki mai dogon taku damar sakewa. Ɗakin ya yi tsit. Har yanzu ba mu da cikakkiyar amsar da za mu ba ta.

Shi ma Baba, bayan duk bayanin turɓayar da ya yi mana, da muka nuna masa yadda Romantic Warrior ya yi gudu a Dubai sai ya koma gefenta. Ya ce mu dubi kunnuwansa da wuyansa, ba ya jayayya da mahayi, yana jira a ce masa tafi. Ya ce tsohon doki sai wayo, kuma mahayi mai hankali zai fitar da shi gefe inda ƙura ba za ta same shi ba.

Ranar Laraba aka jefa ƙuri'ar ƙofofin tashi. Dawaki 14 ne. Romantic Warrior ya samu ƙofa ta 3, can ciki kusa da shinge, Forever Young ya samu ta 14, ta ƙarshe a waje. A ido, na ciki ya fi sa'a, tunda hanyarsa ta fi gajarta. Amma idan maganar Baba gaskiya ce, na ciki shi ne dawaki za su rufe, kuma shi zai sha ƙasa a fuska in bai fita da sauri ba. Kafin McDonald ya kai shi gefe sai ya ratsa ta bayan wasu, ya ƙara wa kansa tafiya. Na waje kuwa babu mai matse shi, kuma doguwar hanyar da ke gaban kwana za ta ba shi lokacin neman wuri.

Ba su biyu kaɗai ba ne a filin. Akwai Ushba Tesoro, shi ma daga Japan, mai shekara takwas, wanda ya ci Dubai World Cup a 2023, kuma bara da ƙyar Senor Buscador ya sha gabansa a wannan gasa. Halinsa shi ne ya zauna can baya kamar ba shi a tseren, sai kowa ya gaji ya taho. Idan manyan biyu suka ƙure juna da wuri, shi zai ci gajiyar. Akwai Rattle N Roll daga Amurka, wanda ya ci tseren share fage a Riyad a watan jiya, da Facteur Cheval daga Faransa. Kada kuma a manta a 2022 wani dokin gida mai suna Emblem Road, wanda ba a sa shi a lissafi ba, shi ya ba kowa mamaki. Wani a cikinmu ya so mu fake da wannan mu ce komai na iya faruwa. Muka tuna masa da fuskar Malam.

Jiya muka kaɗa ƙuri'a. Mu goma sha biyu ne, bakwai suka zaɓi Forever Young, biyar suka zaɓi Romantic Warrior. Abin da ya rinjayi bakwai ɗin shi ne mita 200 na ƙarshe. Mun amince Romantic Warrior ya fi shi saurin tashi, kuma ba za mu yi mamaki ba in shi ne a gaba bayan an sha kwana. Amma bai taɓa jin yadda ƙasa ke cinye ƙarfin ƙafa a ƙarshen tsere ba, shi kuwa Forever Young mun gan shi a wannan fili ana ganin ya rasa, ya ƙi saki har ya kamo. Don haka ga matsayin Ƙungiyar 'Yan Jarida: Forever Young na ɗaya, Romantic Warrior na biyu, da tazara kaɗan, Ushba Tesoro ya biyo su. Biyar ɗin da aka kayar sun sa hannu tare da mu, amma sakatariya ta ce a rubuta cewa ta sa ne ba da son ranta ba, ga shi mun rubuta.

Da dare za a yi tseren a Riyad, a ƙarƙashin fitilu. Suna gabanmu da awa biyu, don haka a nan zai faɗo wajen magariba, ke nan yawancinmu sai bayan salla za mu ga maimaici. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu, duk wanda bai yarda da mu ba, ɗalibi ko malami, ya rubuta dokinsa da ajinsa kafin a tashi yau.

Saura abu ɗaya da ba mu warware ba. Baba ya ce mu je gidansa mu kalla tare a wayar jikansa, kuma har yanzu bai san mun saɓa masa ba. Jikan ya ce shi ba zai faɗa masa ba, tunda a gidan yake kwana.